Yadda ake koya wa yaro rubuta sunansa ta hanyar bin sawu

Kalmar farko da yawancin yara ke ganewa a rubuce ita ce sunansu. Tun kafin yaro ya san baƙi ko wasali, idan ya saba ganin sunansa a bangon littafi ko a jikin kwanon abincinsa, zai ɗora yatsa ya ce wannan nawa ne. Shi ya sa malaman ajin share fage ke son farawa da suna, domin yaro ba ya gajiya da abin da yake ganin mallakarsa ne. Uwa ko uba ko yaya duk za su iya yin wannan aiki a gida da kayan da ke cikin gida, ta hanyar bin sawu: babba ya rubuta, yaro ya bi ta kai da yatsa, daga baya da fensir, har ranar da za a janye masa rubutun babba ya yi nasa. Wannan janyewar ita aka fi mantawa da ita. Na sha ganin yaron da ya cika littafi guda da bin ɗige-ɗige, amma da aka miƙa masa farar takarda sai ya tsaya yana kallon mutane. Bin sawu kamar tatata ne: ana riƙe hannu ne da niyyar saki.

Ku fara tsayar da sunan

A Sakkwato wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gida nawa ne yaro ke amsa Shehu alhali sunan yankansa Usmanu, ko Garba alhali Abubakar aka raɗa masa? Asma'u ta zama Nana, Hadiza ta zama Dije, wanda aka sa wa sunan kaka kuma ya zama Abba ko Ummi ko Inno, don surukai da 'ya'ya ba sa iya kama sunan. Akwai yaran da sai ranar da malam ya kira rajista suke fara jin sunansu na yanka, su yi shiru, a rubuta ba su zo ba. Don haka kafin a taɓa fensir, a zauna da yaro a gaya masa: a gida ana ce maka Shehu, amma sunanka na littafi Usman, shi za mu rubuta. Idan ɗan fari ne kuma uwa na yi masa alkunya, ba sai ta karya al'adarta ba. Ta rubuta ta shirya kaya, goggo ko yaya ko maƙwabciya ta riƙa furta sunan, domin furtawa da ƙarfi rabin aikin ne, ba a barin sa.

Sai kuma yadda ake jera baƙaƙen. Muhammad ne, ko Muhammadu, ko Mohammed? Aisha, A'isha, ko Aishatu? Usman ko Usmanu? Ku ɗauko takardar haihuwar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ba ku, ku kwafi abin da ke ciki baƙi bayan baƙi, ku kuma tabbatar shi ne a rajistar makaranta. Wanda bai yi wa ɗansa takardar ba tukuna, wannan dalili ne na zuwa a yi. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma duk wanda ya taɓa raka matashi gyaran suna ya san wahalar: sunan da ke takardar firamare daban, na WAEC daban, na NIN daban, sai an je kotu an yi rantsuwa. Sau da yawa tushen abin yana nan ne a shekara huɗu ko biyar, lokacin da uwa ta koya masa wani salo, malama ta koya masa wani.

Tsawon suna ma abin dubawa ne. Ali baƙi uku ne, Nana huɗu, Bello biyar, amma Abdurrahman goma sha ɗaya. Mai dogon suna a raba masa gaɓa-gaɓa yadda baki ke furtawa, Ab, dur, rah, man, a ɗauki gaɓa ɗaya har ta zauna kafin a ƙara ta gaba. Kada a taƙaita masa zuwa Abdul ko Muh'd don sauƙi, domin abin da hannu ya fara sabawa da shi yana da wuyar kankarewa. Sunan mahaifi kuwa a bar shi sai nasa ya kankama.

Hannun ya kai kuwa?

Akwai gwaji mai sauƙi. Ku zana masa waɗannan a takarda ɗaya bayan ɗaya ku ce ya yi irinsu: layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, layi biyu da suka gitta juna, murabba'i, sai layi a karkace. Masu nazarin girman yara sun lura cewa haka suke zuwa a jere. Ɗan shekara biyu yana kwaikwayon layin tsaye, ɗan shekara uku yana iya da'ira, wajen shekara huɗu yana gitta layi, karkataccen layi da alwatika kuwa sai an doshi shekara biyar. Wannan yana da amfani domin baƙaƙe daga waɗannan zane-zane aka gina su. Yaron da bai kai ga karkataccen layi ba, A da K da M da N za su ba shi wuya, ko da kuwa yana da kaifin ƙwaƙwalwa. Hassan zai iya riga Kabiru, ba don ya fi shi basira ba, sai don H layukan tsaye ne da na kwance kawai.

Idan bai kai ba, a bar fensir tukuna a ƙarfafa yatsu. A ba shi yumɓu ya mulmula, ya yayyaga tsohuwar takarda ƙanana, ya ɓare gyaɗa, ya maƙala abin shanya a bakin kwano, ya zura igiya a murafen gora da aka huda, yarinya ta taya tsinkar zogale. Duk wannan shirin rubutu ne. Sai dai a sa ido idan ana wasa da wake ko duwatsun ado, don ƙananan yara na tura su a hanci da kunne. Shekarar shiga aji ɗaya na firamare shida ce, kuma tsarin ilimin ƙasa ya tanadi shekara guda ta share fage kafin nan. Saboda haka ɗan shekara uku da bai rubuta sunansa ba bai makara da komai ba, kome kuwa maƙwabta za su ce nasu ya iya.

Kayan aiki

Tire ko faifai mai ɗan zurfi, da yashi mai laushi da aka tankaɗe, ko gero in babu. Kwali mai kauri, irin na sabulu ko na taliya da za a roƙa a shagon unguwa. Maka baƙa da maka ruwan ɗorawa. Alli ko gawayi. Fensirin kala mai kauri, da fensir na rubutu da aka raba biyu. Fayil ɗin leda mai haske wanda ake zura takarda, da makar farin allo wadda ake gogewa. Kayan rubutun duk ana samun su a shagunan littattafai na babbar kasuwa, kuma ba wanda ya kai kuɗin buhun komai. Fiƙe fensir aikin babba ne. Kada a bar reza a hannun yaro.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: sunayenmu da yawa suna ɗauke da sunan Allah ko na Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abdullahi, Abdulmalik, Muhammad, Ahmad. Shi ya sa na fi son tire da a rubuta a tsakar gida inda za a tattake, kuma takardun da aka gama da su a tara su wuri guda, kada su bi shara. Yaro na ganin ana ɗaga takardar sunansa ana adanawa, yana koyon darajar rubutu ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Mataki na farko: katin suna

Ku yanki kwali mai tsawon kamu biyu ko fiye, ku rubuta sunan da baƙar maka, kowane baƙi ya kai girman tafin hannun babba. Baƙin farko babba, sauran ƙanana, kamar yadda za a nema a makaranta. Na san wasu na fara wa yara da manyan baƙaƙe zalla saboda sun fi sauƙin zanawa, kuma gaskiya ne sun fi. Amma yaron da ya saba da ALIYU sai an sake zama da shi kafin ya yarda cewa Aliyu ma shi ne. In dai ya kai huɗu da rabi, gara a yi aikin sau ɗaya.

Ku rubuta da hannu, a warware, kada ku haɗe baƙaƙe. Idan za ku buga a shagon kwamfuta, ku duba siffar a da g da kyau, domin yawancin rubutun kwamfuta yana yi wa a wata rumfa a sama wadda ba haka ake koyar da ita a aji ba. Akwai salon rubutu mai suna Andika da aka tsara don masu koyon karatu, kyauta ne a intanet, kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ.

A kan kowane baƙi ku ɗiga jan ɗigo a inda ake farawa. A gefen hagu na katin, ku zana ɗan tauraro ko wata alama da yaro ke so. Amfanin tauraron zai zo nan gaba kaɗan.

Kwana biyu ko uku kada ku ce ya rubuta komai. Ku rataye katin daidai tsayin idonsa, ku riƙa karantawa tare kuna jan yatsa a ƙarƙashi daga hagu zuwa dama. Ku haɗa katinsa da na yayyensa ku ce ya zaɓo nasa. Ku yi wani kati na biyu ku yanka shi baƙi-baƙi, ku barbaza, ya jera yana kallon na farko. Yaron da ya iya jera sunansa ya riga ya san abin da hannunsa zai je nema.

Mataki na biyu: yatsa kafin fensir

A nan ya kamata a daɗe. Ku zauna gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Kada ku zauna gabansa kuna fuskantarsa, domin duk abin da kuka zana a kife zai gan shi. Ku ɗora manuniyarku a jan ɗigo ku bi baƙin a hankali kuna faɗin abin da yatsa ke yi, sannan ku kama tasa ku bi tare, sannan ku saki ya bi shi kaɗai.

A ce sunanta Asma'u. Uwa za ta ce: "Taho, Nana, ɗora yatsa bisa ja. Gangara hagu. Koma sama, gangara dama. Sa masa ɗamara. Wanga shi ne A." A kan s: "Lanƙwasa baya, lanƙwasa gaba." A kan m: "Sauka, hau tudu, sauka, hau tudu, sauka." A kan a: "Zagaya, rufe, hau, sauka." Kalmomin da kuka zaɓa ba su da wata doka, sai dai kada ku canza su. Yau "zagaya" gobe ma "zagaya", kuma duk mai taya ku a gidan ya faɗi haka. Bayan kwanaki za ku ji yarinya na raɗa wa kanta waɗannan kalmomi tana zane, kuma wannan ce alamar abin ya shiga.

Ka'idoji biyu ne ke riƙe da kusan dukkan baƙaƙen boko. Layi daga sama yake saukowa ƙasa. Zagaye kuma, a baƙaƙe irin a, c, d, g da o, daga sama yake farawa ya nufi hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. Yaro in an bar shi yakan faro daga ƙasa ya hau, kuma baƙin zai fito daidai a ido, shi ya sa iyaye ba sa lura. Illar sai an kai aji uku ko huɗu take bayyana, lokacin da ake kwafar rubutu daga allo da sauri, hannunsa ya riƙa gajiya ana barin sa a baya. Don haka ku kalli tafiyar yatsa fiye da yadda kuke kallon abin da ya fito.

Daga kati sai tire. Ku baza yashi ya rufe gindin tiren kaɗan, ku zana baƙi ɗaya, ya bi ramin da yatsarku ta bari, ku girgiza ya goge, ya sake. Daɗin yashi shi ne ba ya ajiye kuskure. Yaron da ke tsoron ɓata takarda a nan yakan saki jiki. Wanda ke son ƙari ya shafa gam a kan baƙaƙen kwali ya barbaɗa yashi ya bari ya bushe, sai ya zama baƙi mai kaushi da yatsa ke ji ko da ido a rufe. Wannan dabara ta Maria Montessori ce, likitar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma har yau makarantun da ke bin tsarinta da irin waɗannan baƙaƙe suke farawa. A makarantun allonmu ma akwai malaman da ke yi wa ƙolo shatar baƙi marar nauyi ya bi da tawada kafin ya fara rubuta allonsa da kansa.

Bango ma wuri ne mai kyau. Ku rubuta sunan da alli a jikin bangon siminti, ku ba shi gwangwanin ruwa da tsohon buroshi ko ɗan tsumma ya wanke kowane baƙi ta hanyar bin sa. Da zafin watan Afrilu, kafin ya kai baƙi na ƙarshe na farko ya bushe, sai a sake. Rubutu a tsaye yana ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu, waɗanda su ne ke ɗauke da yatsu.

Mataki na uku: riƙon fensir da zama

Ƙaramin yaro da dunƙulen hannu yake fara riƙo, sannan da yatsu huɗu ko biyar, sai tsakanin shekara huɗu zuwa shida ya koma yatsu uku: babban yatsa da manuniya su tsunkuli fensir, na tsakiya ya tallafe shi daga ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta kai shi can ita ce guntun fensir ko guntun alli da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, domin babu wurin da zai dunƙule. Idan ƙananan yatsu biyu na ƙarshe suna miƙewa, a ba shi ɗan curin auduga ya danne da su a tafin hannu.

Gidaje da yawa a tabarma ake zama, ba laifi. Amma kada ya kwanta rub da ciki ko ya ɗora takarda a cinya. A sa masa kujerar tsugunno a gabansa ta zama tebur, ko wani faffaɗan katako. Hannu ɗaya na rubutu, ɗayan na danne takarda. In kan tebur ne, ƙafafunsa su taɓa ƙasa ko a sa masa abin takawa.

Mataki na huɗu: bin sawu a takarda

Yanzu ku rubuta sunan da maka ruwan ɗorawa, layi mai kauri, tsayin baƙi kamar yatsu uku a jere, da jan ɗigonsa na farawa. Yaro ya bi ta tsakiya da fensirin kala mai duhu. Na fi son wannan da ɗige-ɗigen da aka saba gani a littattafan kasuwa. Ɗige-ɗige na sa yaro ya riƙa tsalle daga ɗigo zuwa ɗigo yana ɗaga hannu, sai ya ga ɗigo ashirin maimakon baƙi guda. Layi mai kauri kuwa hanya ce da zai bi da jan hannu ɗaya. In ya saba, ya bi sunan da kala uku ko huɗu a kan juna. Yara na son wannan, kuma maimaici ne ba tare da sun ji an maimaita ba.

Don kada takarda ta ƙare, ku zura guda a fayil ɗin leda ya riƙa bi da makar farin allo ana gogewa da tsumma. Sai dai leda na da santsi, don haka kada ta maye gurbin takarda gaba ɗaya; hannu na bukatar ya ji turjiyar fensir.

Sau uku a zama ɗaya ya isa. Minti biyar zuwa goma, a tashi tun yana marmari. Da safe bayan karin kumallo ko bayan La'asar in rana ta yi sanyi, ba lokacin da ya dawo daga Islamiyya a gajiye da yunwa ba. Da hunturu kuma a shafa masa mai a hannu tun da wuri ya shige, don yatsun da suka yi kaushi suka tsage ba sa son riƙon fensir. Cika shafi guda da suna sau ashirin ba ya ƙara komai sai lalacewar rubutu: ku duba irin wannan shafi, za ku ga layin farko ya fi na ƙarshe kyau.

Dama ko hagu

Ga inda yaranmu suka bambanta da waɗanda aka rubuta yawancin littattafan koyarwa dominsu. Yaron Sakkwato da safe yana boko, rubutu na tafiya daga hagu zuwa dama. Da yamma yana gaban allo, babbaƙu da farfaru na tafiya daga dama zuwa hagu. Ba abin mamaki ba ne ya faro sunansa daga gefen dama ya jera shi a juye, har wani lokaci kowane baƙi ya juya baya kamar an duba a madubi. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin dakatar da ɗayan karatun ba ne. Garin da Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ba a yau ya fara haɗa karatu biyu a kai ɗaya ba. Maganin shi ne tauraron nan na gefen hagu. Kowace takardar boko a sa mata shi, a ce "daga tauraro muke tashi". A kuma raba kayan: allo da tawada na Larabci, takarda da fensir na boko, kowanne da lokacinsa. In ana son ya iya sunansa da baƙaƙen Larabci, abu ne mai kyau, amma a bari ɗaya ya zauna kafin a ɗora ɗayan.

Juya b da d, ko s, ko N, abu ne da yara ke yi ko'ina a duniya har wajen shekara bakwai. Abin da ke rage shi shi ne wurin farawa: b daga sama take saukowa sannan ta yi ciki a dama, d kuwa da zagaye take farawa sannan ta hau ta sauko. In tafiyar hannu ta bambanta, ruɗanin ido na raguwa. Masu suna irin Abdullahi, da b da d ke maƙwabtaka, a ba su ƙarin lokaci a wannan gaɓa.

Masu ƙugiya kuma, Ɗahiru da Ƙasimu da Ɗayyaba, idan da ƙugiyar aka tsayar za a rubuta, a fara koya baƙin a miƙe sannan a ce "sa masa ƙugiya". A babban Ɗ da Ɓ ƙugiyar na sama ta hagu, a ƙananan ɗ da ɓ da ƙ kan sandar ne ke lanƙwasawa dama. Haka ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'adatu da Isma'il da Hauwa'u: a nuna masa cewa shi ma yana da mazauninsa, a bar masa fili, kada ya zama abin da ake liƙawa in an tuna.

Sai bahago. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma haka aka halicce shi. Koya masa ci da sha da karɓar abu da dama tarbiyya ce da muka gada, kuma yana iya koyonta. Rubutu kuwa aiki ne mai bukatar ƙwarewar yatsu, kuma ban ga ribar dukan hannun yaro don ya sauya ba. Abin da na gani shi ne rubutu mai karkarwa da yaron da ya tsani fensir. A karkata masa kan takarda zuwa dama, ya riƙe fensir ɗan nesa da baki don ya ga abin da yake rubutawa, a sa masa samfurin suna a sama ko a dama inda hannunsa ba zai rufe ba. Mai koyarwa ya zauna ta damansa.

Mataki na biyar: janye hannu

Wata mai bincike a Jami'ar Indiana ta Amurka, Karin James, ta yi nazari da abokiyar aikinta a 2012 kan yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Wasu baƙaƙe sun bi sawunsu, wasu sun danna a kwamfuta, wasu sun zana da hannunsu suna kallo. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, sassan da ke aiki wajen karatu sun fi motsawa a kan baƙaƙen da suka zana da kansu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna da yaro: mai bin sawu zai iya yi hankalinsa na wani wuri, amma mai rubutawa da kansa dole ya tuno siffar baƙin. Saboda haka da zarar ya bi sunan ba tare da kun tuna masa wurin farawa ba, ku soma ragewa.

Ga yadda nake so a yi. Ku rubuta sunan da ruwan ɗorawa amma ku bar baƙin ƙarshe, ku sa jan ɗigo kawai a wurinsa. Bello ya bi B, e, l, l, ya yi o da kansa. In ya yi kwana biyu yana samu, ku bar biyu na ƙarshe, haka har ya rage B kaɗai, sannan ita ma ta tafi. Amfanin farawa daga ƙarshe shi ne kullum shi ke kammala sunan da hannunsa, ya tashi da jin cewa ya gama abu. Bayan haka a ninke takarda uku: a sama sunan da kuka rubuta, a tsakiya jajayen ɗigo kawai, a ƙasa fili. Daga nan sai a kifa katin, ya rubuta da ka, ya buɗe ya duba da kansa. Ku tambaye shi wane baƙi ne ya fi masa kyau, kuma wanne yake son sakewa. Za ku yi mamakin yadda yake gano kuskurensa kafin ku nuna.

Rubutun farko da ba sawu zai fi na sawu muni: baƙaƙe za su yi girma daban-daban, layi zai gangara. Kada wannan ya sa ku koma baya. Kada kuma ku goge masa ku gyara da hannunku. A gyara abu ɗaya a zama ɗaya, kuma yabo ya zama na abin da aka gani: "Madalla, yau a ɗinka ta rufe." Littafin koyon rubutu mai jan layi da shuɗi sai a wannan mataki yake da amfani, lokacin da siffa ta zauna aka koma daidaita tsayi. Wani yaro cikin mako uku zai kai nan, wani sai ya yi zango guda na makaranta.

In abin ya ƙi

Yaron da ya ture takarda ya ce ba ya so, a koma tire ko bango na kwana biyu, ko a bar abin gaba ɗaya na mako guda. Bulala da gori, da kwatanta shi da ƙaninsa ko ɗan kishiya, ba sa gyara riƙon fensir. Wanda ke danna fensir har takarda ta huje, a shimfiɗa masa takardar a kan kwali mai laushi ya ga yadda take hujewa, zai rage da kansa. Wanda rubutunsa ba ya fitowa don rashin ƙarfi, a ƙara masa wasan yumɓu da fensirin kala mai kauri.

Akwai kuma abin da ba na gida ba ne. Idan yana kai fuskarsa dab da takarda, ko yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan rubutu, a kai shi a duba idonsa. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idan ya wuce shekara bakwai yana juya baƙaƙe da yawa, ko hannunsa na rawa har a wajen cin abinci da sa maɓalli, a yi magana da malaminsa sannan a ga likitan yara.

Da ya iya, a ba sunan aiki. Shi zai rubuta a bangon littattafansa, a murfin gorar ruwansa, a cikin takalminsa na makaranta in sunan ba mai ɗauke da sunan Allah ba ne, da ƙasan duk zanen da ya yi. Ku rubuta kwanan wata a bayan takardar farko ku adana, bayan wata guda ku ɗauko ku jera masa da sabuwa ya gani. Daga nan sai sunan mahaifi, da tazarar yatsa ɗaya tsakanin sunayen biyu, kuma baƙaƙen da ya riga ya sani a nasa sunan ba sai an sake bin sawunsu ba. Sababbin kawai za a kai tire.